Ranar da Na Kayar da Yayana a Bakin Rijiya

Akwai wani labari da ke yawo a danginmu wanda na tabbata ya iso kunnuwanku tun kuna ƙanana, domin da wuya a yi suna ko biki a gidanmu a watse ba a taɓo shi ba. Ana cewa ubanku, malamin makaranta mai alƙalami a aljihun gaba, ya taɓa kama yayansa da kokawa a bainar jama'a, ya maka shi da ƙasa, ya hau ruwan cikinsa ya zauna. Masu ba da labarin suna ƙara masa gishiri gwargwadon yawan masu sauraro. Wasu har cewa suke sai da na ɗaga shi sama tukuna, abin da duk wanda ya san girman yayan nawa, Baffa Idi, ya kuma san nawa zai gane ƙari ne. Amma kayarwar gaskiya ce, zaman ma gaskiya ne. Dalilin ne ba a cika faɗa ba, saboda dalilin ba ya ba da dariya. Shi nake so in ajiye muku tun ina da ikon riƙe alƙalami.

Mu gidan magina rijiya ne. Kusan duk rijiyar da ke tsakanin ƙauyenmu da hanyar Ɗambatta, in ba kakanmu ne ya gina ta ba to Baba ne, in ba Baba ba to Yaya Idi. A ƙasarmu gona manne take da gona, gida na kallon gida, ga mutane ga dabbobi, kuma ba kogin da ke kai rani, saboda haka mai ginin rijiya mutum ne da ake tashi a gaishe shi. Ni kaɗai aka zare aka kai boko, ba don an hango wata basira a tare da ni ba, sai don an duba ƙirjina an ga ba zai ɗauki dagi ba. Sana'ar tana da dokokinta, kuma mafi yawansu na hankali ne. Ba a sauka sai an zura fitila da igiya an ga ba ta mutu ba. Ba a sauka da cikakken ciki. Mai sauka yana bin 'yan ramukan da aka sassaƙa a jikin rijiyar, ƙafa nan ƙafa can. Sai kuma wasu dokoki biyu da ba a koya wa kowa da baki, ana tashi ne a tarar da su. Ta farko, magini ba ya ɗaura igiya a jikinsa. Igiya ta guga ce, ko ta akuyar da ta faɗa, ko ta gawa. Ta biyu, in mutum ya yi shiru a ƙasa, aka kira shi bai amsa ba, wanda ya fi kusa da shi a jini shi ne zai bi shi. Ba mai riga shi, ba kuma mai tare shi. Haka Baba ya rasu. Ƙaninsa ya yi shiru a wata rijiya, ya tuɓe riga ya bi shi, aka fito da su biyun kafin la'asar. Mutane suka ce rijiyar tana da masu ita. Mun tashi muna jin ana yabon Baba da wannan saukar, ni ma ina alfahari da ita, har yau kuma ina yi.

Shekarar da nake ba ku labari tana cikin shekarun farin nan da kuka ji tsofaffi suna ambato da rage murya. Gero ya bushe a tsaye bai fitar da kai ba. Ana kora awaki kasuwar Ɗambatta a dawo da abin da bai cika buhu ba. Magidanta da yawa sun tafi kasuwar Dawanau dako, suna ɗaukar hatsin wasu a ka, gidajensu kuwa ana dafa ganye. Rijiyoyi suka riƙa ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, har mata suka koma sammako zuwa wani ƙauye neman tulu guda. A cikin wannan hali aka aiko a tura malami ɗaya Kano wani kwas na hutu a kan kiyaye lafiya a wurin aiki. Hedimasta ya zaɓe ni saboda ni ke koyar da kiwon lafiya. Ni kuwa na amsa da sauri saboda na ji ana ciyar da mahalarta.

Kwanakin farko duk zancen masana'antu aka yi. Aka nuna mana hular kwano da safar hannu da tabarau mai kare ido, ina zaune ina tuna iyayen ɗalibaina waɗanda duk kayan kariyarsu laya ce da bismillah. Na riga na yanke cewa abin da zan ƙaru da shi a kwas ɗin shinkafa ce. Sai aka kawo wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa a masaƙa, hannunsa na dama ba cikakkun yatsu. Bai zo da hoto ko ɗaya ba. Ya jingina da tebur ya ce:

"Duk inda za ku sa mutum aiki, ku tsaya tukuna ku dubi wurin kamar maƙiyinku ne ya shirya muku shi. Me zai iya kashe mutum a nan? Wa zai fara samu? Me za mu yi tun yanzu da kowa ke cikin hankalinsa? Ku yi wannan tunanin da safe, domin in abu ya faru ba mai sauran hankali, har ni da nake gaya muku."

Daga nan ya shiga zancen wurare masu ƙunci, irin su tanki da rami. Ya ce iskar irin waɗannan wurare tana ɓaci ba tare da ta canza kama ba. Wata tana kashe fitila, wannan da sauƙi, ta yi maka sallama. Wata kuwa, kamar hayaƙin injin fetur, fitila na ci sarai a cikinta mutum na sulalewa. Sannan ya faɗi abin da ya hana ni cin shinkafar ranar.

"Abin da ya kayar da mutum na farko a cikin ramin yana nan bai tafi ko'ina ba. Wanda ya shiga ceto da huhu irin na ɗan'uwansa ya shiga. In ba ku shirya yadda za ku fito da mutum daga sama ba, kada ku bar shi ya sauka."

Na zauna ina kallon allo, ina ganin rigar Baba a ajiye a bakin rijiya kamar yadda aka sha kwatanta mana.

Na dawo gida na tarar rijiyar masallaci, wadda ita ce ta ƙarshe da ke ba mu ruwa, ta koma taɓo. Mai unguwa ya kira gayya a ƙara mata zurfi, aka danƙa aikin a hannun Yaya Idi da ƙanenmu Sani, wanda a lokacin bai daɗe da aure ba. Sun yi nisa har sun kai inda ruwan laka ke tsattsafowa yana hana haƙa, guga kuma ba ya kwashe shi da sauri. Wani attajirin garinmu mai cinikin hatsi a Dawanau ya ba da aron injin ban ruwa, sabon abu a wurinmu a lokacin. Gari ya ɗauka, yara na zuwa kallonsa kamar an kawo amarya.

Bayan magariba muna cin tuwo mu uku a tsakar gida, Inna, kakarku, tana bayan zana tana tankaɗe. Na gyara murya.

"Yaya, ina da magana a kan aikin gobe."

"To, Malam. Mu yi layi ne ko a zaune ma za a iya karanta mana?"

Sani ya ƙyalƙyale da dariya har ya ƙware. Na jira ya sha ruwa, sannan na ce injin nan kada ya shiga cikin rijiya, ya tsaya a sama inda iska za ta kwashe hayaƙinsa.

"Inji ai ba magini ba ne, me zai shiga yi? Na yarda. Sai me?"

Na ce duk mai sauka a ɗaura masa igiya a ƙirji, a kuma ajiye mutane a sama waɗanda ba su da wani aiki sai riƙonta.

"Sani, ka ji. Yayanka ya je birni ya dawo, an mai da kai akuya."

"In dai za a ba ni dusa, Yaya, ban ƙi ba," in ji Sani. "Kwanan nan akuya ta fi mu cin abinci."

Na bari dariyar ta lafa. Na ce abu na ƙarshe, in wani ya yi shiru a ƙasa, kada kowa ya bi shi. A jawo shi.

Yaya Idi ya mayar da lomar da ya ɗauko cikin kwano.

"Wato Baba wauta ya yi."

"Ban ce haka ba."

"Ka ce. Da turanci ka koyo ta, ka faɗe ta da Hausa."

Kun san Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya Idi ba, saboda ɗan fari ne, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. In tana da saƙo gare shi sai ta faɗa wa iska, iska ta kai masa. Muka ji rariya ta tsaya.

"A gaya wa babban gidan nan, na ba rijiya miji, ba zan ba ta ɗa ba. Duk wanda ya sha nonona, in zai sauka, da igiya a ƙirjinsa."

"Inna, dariya za a yi mana a gari."

"A yi. Na ji kukan mutanen gari a gidan nan, ban ga abin da ya ƙara mini ba. Bari in ji dariyarsu."

A kan magana ta uku ba ta ce komai ba. Ba za ta iya buɗe baki ta ce mijinta bai yi daidai ba, ni ma ban nemi ta ce ba. Saboda haka na samu inji, na samu igiya, na ukun kuwa aka bar shi a cikin kwano tare da lomar Yaya.

Washegari da sassafe na je bakin rijiya kafin makaranta. Na nuna yadda za a zagaya igiyar ta ƙarƙashin hammata da ƙullin da ba ya shaƙewa, muka ɗaure ɗaya bakin a jikin tsamiya. Na zaɓi wasu ƙarfafan magidanta na ce su ne masu igiya. Har gwaji na sa suka yi da buhun yashi, suka zura shi suka jawo shi, 'yan kallo suna tambayar buhun ko ya sha wuya a ƙasa. Wani tsoho ya ce shi dai bai taɓa ganin an yi jana'iza kafin mutuwa ba sai yau. Na haɗiye, na tafi aji.

Abin da ya faru bayan tafiyata ba laifin mutum ɗaya ba ne, kada ku bari kowa ya gaya muku sunan wani. Injin yana sama, rijiyar ta yi masa zurfi, sai ya riƙa tari ba ya jawo ruwa. Wani ya ce a ɗan sassauta shi ciki da igiya, kaɗan kawai. Ya ja ruwa na ɗan lokaci ya sake tsayawa, wani ya ce a ƙara kaɗan. Kowa kaɗan ya ce. Suka zura fitila kamar yadda aka gada, ta ci lafiya lau. Yaya Idi ya riga ya yi aikin safe ya fito, saboda haka Sani ya sauka, da igiyarsa, yana yi wa masu riƙo kukan akuya.

Makarantarmu ba ta da nisa da masallaci, tun safe ina jin ƙarar injin ina koyarwa. Wajen hantsi sai na ji ƙarar ta sauya, ta yi kauri, ta koma kamar mai magana a cikin randa. Na tsaya da rubutu a tsakiyar kalma. Ɗalibaina sun ce ban ko ajiye alli ba, kuma ranar suka fara sanin malaminsu ya iya gudu.

Na iso na tarar Yaya Idi ya leƙa yana kira.

"Sani! Kai Sani!"

Ba amsa sai ƙarar inji. Ya miƙe ya cire riga ya yar. Jama'a suka dare suka ba shi hanya, kamar yadda iyayensu suka ba Baba. Masu igiyar da na sa suka yi gwaji da safe suna tsaye da ita a hannu, sun saki baki suna kallonsa, domin a saninsu yanzu ba lokacinsu ba ne, lokacin ɗan'uwa ne. Ya riga ya ɗora ƙafa ɗaya a bakin rijiyar. Ban yi wata dabara ba, ban kuma san kokawa ba. Mutumin da ke tsaye da ƙafa ɗaya ko ɗan boko zai iya kayar da shi. Na rungumo ƙugunsa ta baya muka zube tare, na haye kansa na danne da duk ɗan nauyin da fari ya bar mini.

"Ku fitar da injin! Ku ja igiya! Ku ja!"

"Sake ni! Ɗan'uwana ne!"

"Ni ma ɗan'uwana ne. Kai ma haka."

Ya kai mini naushi a baki, wanda shi ne tarihin giɓin da kuka sha tambayata. Ban sake shi ba. Ihun da nake yi ya farkar da masu igiya. Wasu suka fizgo injin suka kashe, sauran suka shiga ja, hannu bayan hannu, yadda suka ja buhun yashi. Sani ya fito kansa a langaɓe, laka har gira. Muka kwantar da shi a fili inda iska ke kaɗawa, aka kori jama'a baya, aka shiga yi masa fifita da hula da faifai. Ƙirjinsa na motsi kaɗan-kaɗan. Can ya yi wani dogon numfashi, ya juya ya yi amai. Aka tare wata motar haya a bakin titi aka kai shi asibiti. Ya yi kwanaki a can, ya kuma daɗe yana fama da ciwon kai. Amaryarsa ta ce da ya farfaɗo sosai abin da ya fara tambaya shi ne ko an kai ga ruwa.

Za ku ɗauka daga nan sai godiya. Ba haka aka yi ba. Dattawa suka ce ko da gaskiyar ƙane, ba ya kai bayan yayansa ƙasa a gaban mutane. Mai unguwa da liman suka zaunar da mu a zaure aka ce in ba da haƙuri. Na ce ina ba shi haƙurin bayansa da ya bugu, amma riƙon da na yi masa, in an koma gobe zan sake. Liman ya ce wannan rabin haƙuri ne. Na ce shi nake da shi. Yaya Idi ya tashi ya fita. A satin ya raba kwano. Kafin damina ya ja katanga a tsakar gidanmu ya fasa tasa ƙofar. In mun haɗu a masallaci sallama ce kawai, wadda addini ya wajabta, ba ƙari ko na harafi. Mahaifiyarku ta sha kuka, domin ita da matarsa tamkar 'yan ciki ɗaya suke, sai suka koma miƙa wa juna gishiri ta saman katanga. Na daɗe ina ganin taurin kai ne kawai. Daga baya na fahimci abin da ke cinsa. Tun yana yaro ya san ranar za ta iya zuwa, ya kuma shirya mata zuciyarsa. Ta zo, aka gan shi kwance a bakin rijiya, Sani na can ƙasa. Abin da ya gada daga Baba wanda ya fi dagi da diga daraja a wurinsa, ni na ƙwace shi a gaban gari. Ban yi nadama ba, amma na daina jin haushinsa.

Rijiyar kuwa an ƙarasa ta da guga da haƙuri, inji na can gefe an lulluɓe shi da buhu. Sai da aka bar ta ta sha iska sosai kafin wani ya sake sauka. An kai ga ruwa mai kyau, shi ya riƙe gari har ruwan sama ya dawo. Igiya ta zauna a gidanmu saboda umarnin Inna ne, daga gidanmu kuma ta bazu, domin masu koyon sana'a a wurin Yaya sun tarar da ita ne kamar sauran dokoki. Ni ma na sauya yadda nake koyar da kiwon lafiya. Na riƙa fita da 'yan aji shida muna zagaya gari, mu tsaya wurin mai injin niƙa, ko maƙera, ko inda ake zuba wa wake maganin ƙwari, in ce su dubi wurin su gaya mini me zai iya cutar da mutum, wa zai fara samu, me za a yi tun yanzu. Masu sana'a sun yi ta ƙorafi cewa na koya wa yara sa ido.

An fi shekara a haka. Wani rani aka kira Yaya Idi yasar rijiya a wani ƙauye gabas da mu. Ranar da ya dawo ina zaune a tabarma bayan la'asar ina duba aikin yara, sai na ji sallama a ƙofata da muryar da ta daɗe ba ta shigo ba. Rigarsa a yage take har cibiya, leɓensa ya kumbura kamar an cusa masa goro. Ya zauna a gefen tabarmar, yana kallon ƙasa.

"Malam."

"Na'am, Yaya."

"Yau wani magini ya yi shiru a ƙasa. Ɗan garin ne, na ɗauke shi aiki. Ubansa ya tuɓe zai bi shi."

Na ajiye jan biro.

"Mun jawo shi da igiya. Yana numfashi. Har ya sha kunu kafin in taho."

"Alhamdu lillahi. Uban fa?"

Ya nuna leɓensa.

"Tsoho ne, amma wallahi sai da na yi da gaske. Ya ce na tozarta shi a gaban garinsu. Ya rantse har ya mutu ba zai ƙara gaisawa da ni ba."

Ya shafa bakin a hankali, sannan ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun ranar rijiyar masallaci.

"Kai da ka san irin wannan, yana hucewa kuwa?"

"Ban sani ba, Yaya. Ni ma jira nake."

Ya yi dariya har leɓen ya sake fashewa. Ya tare jinin da bakin rigarsa, ya ɗaga murya ya ce wa mahaifiyarku ta ɗora masa ruwan zafi da gishiri.